Gadon Kawa Ya Matso

A Minoura, duk wanda yake so ya shiga layin masu tsallakawa zuwa tsibirin Karasu sai ya ci jarrabawar watan Yuli: kilomita biyu cikin awa ɗaya, da iyon kwaɗo, kai a sama. Ba don a wahalar da kowa aka kafa dokar ba. Ruwan mashigin yana lafawa na ɗan lokaci ne tsakanin cikar teku da janyewarta, kuma layi ba ya barin kowa a baya. In mutum ɗaya ya yi nawa, ruwa zai juya ya tarar da sauran duka a tsakiya.

Akwai doka ta biyu, wadda ta fi damun Kuramoto Fusae. Ƙungiyar ba ta karɓar sabon mai tsallakawa da ya cika shekara sittin da biyar. Fusae za ta cika a watan Nuwamba.

Ita ce mai shagon askin da ke bayan kasuwar kifi. A garin aka haife ta, amma ciwon kunne ya hana ta shiga ruwa tun tana ƙarama, don haka lokacin da 'yan ajinsu na firamare suka tsallaka, a cikin jirgin rakiya ta zauna tana riƙe musu tawul. Makarantar ta rufe tuntuni, tsofaffin ɗalibanta ne suka ci gaba da al'adar. Fusae ba ta koyi iyo ba sai bayan rasuwar mijinta. Sau biyu tana zuwa jarrabawar Yuli tana faɗuwa. Bana ce ta ƙarshe.

Babu mai agogon nan da ke auna tazara a cikin ƙungiyar. Kuɗinsa ya kai na askin mutum ashirin, kuma ba wanda ya ga amfaninsa, tunda akwai gadon Tsuboi. Gadon kawa ne irin waɗanda suka cika gaɓar: gorori a ɗaure a kan ruwa, igiyoyin kawa suna reto a ƙasa. Daga matattakalar dutse da ke bayan ofishin masunta zuwa wannan gadon rabin kilomita ne. Wani malamin makaranta ne ya auna shi da igiya da kwale-kwale shekaru da dama da suka wuce, kuma tun daga lokacin ba a sake tambaya ba. A je a dawo sau biyu, an yi jarrabawa.

Daga tsakiyar watan Mayu abubuwa suka fara kyau. Fusae, wadda bara take cin awa ɗaya da minti bakwai, ta sauko ƙasa da awa, ta zauna a minti hamsin da huɗu. Ba ita kaɗai ba. Kowa ya ƙara sauri. Shugaban ƙungiyar, Hamaoka Shigeto, tsohon ma'aikacin gidan waya mai shekara saba'in da huɗu, ya ce ya san dalili: motsa jikin da ya ƙirƙiro lokacin sanyi, wanda ake tsugunawa a miƙe ana kaɗa gwiwar hannu kamar zakara.

"Na faɗa muku kuka yi mini dariya," in ji shi wata safiya, yana goge kansa. "Yanzu wa ke dariya?"

"Mu ne dai har yanzu, Shugaba," in ji Doi mai tofu, wato awara. "Sai dai yanzu da sauri muke yi." Ya juya wajen Fusae. "Ke Fusa-chan, me kike ci ne? Jiya na waiga na gan ki a ƙafata, na ɗauka kifi ne ya biyo ni."

"Ba tofunka ba dai."

Toshie, matar shugaban, ita ce mai duba lokaci. Ba ta shiga ruwa. Tana zama a saman matattakala da laima, agogon girki rataye a wuyanta. Ta dubi agogon ta ce, "Bana kam kin shiga, Fusae-san. Ki fara neman farar hular masu tsallakawa."

Fusae ta riga ta saya. Hular tana cikin aljihun tebur a shago, ƙarƙashin almakasai.

A makon farko na Yuni, Tsuboi Isamu, mai gadon, ya zo aski kamar yadda yake zuwa kowane wata. Fusae ta kwantar da kujera, ta ɗora masa tawul mai zafi, ta shafa kumfa. Ya fara ƙorafin bayansa. A watan Agusta za a yi masa aiki a birni, in ji shi, likita ya ce wata biyu ba ɗaukar kaya.

"Shi ya sa bana na ja gadajen da wuri. In na jira lokacin guguwa, wa zai ja mini?"

Askar tana ƙarƙashin haɓarsa. Fusae ta tsaya.

"Waɗanne gadaje?"

"Duka mana."

"Har da na gaban matattakala?"

"Da shi na fara."

"Isamu-san, kar ka motsa. Yaushe?"

"Wajen tsakiyar Mayu. Ke, ɗaga ƙarfen nan tukuna."

Ba ta ɗaga ba. "Ina ka kai shi?"

"Ciki, inda katangar tashar jiragen ke kare shi. Bai fi mita ɗari ba." Ya buɗe ido ɗaya. "Ba kullum kuke taɓa shi ba? Ba ku gani ba?"

"Mun ga muna sauri," in ji ta, ta ƙarasa masa askin.

Kowa a Minoura ya san ana jan gadajen kawa. Yaro ma ya sani. Amma ana ja ne a ƙarshen Agusta, bayan an tsallaka, a mayar kafin sanyi, don haka a idon masu iyo gadon Tsuboi na watan Yuli wuri ne, kamar dutse. Ana cewa "mu haɗu a Tsuboi" yadda ake cewa "mu haɗu a gidan waya". Kuma wanda haɓarsa ke cikin ruwa ba ya bambanta mita ɗari biyar da ɗari huɗu, musamman in bambancin yana yi masa daɗi.

Bayan ya fita, Fusae ta share gashi ta yi lissafi. Bai da wuya. Mita ɗari a kowace tafiya, sau huɗu. Ba ta ƙara sauri ko kaɗan ba. Tana nan a inda take bara.

Tsuboi ba mai shiga harkar masu iyo ba ne, kuma ba mai yawan magana ba in ba a kujerar aski ba. In ta yi shiru, za a yi jarrabawa a gadon da ke kusa, ta ci da rarar minti shida, a ba ta wuri a layi. Ta buɗe aljihun tebur ta dubi hular, ta rufe. Ta taɓa ganin mashigin yana juyawa daga cikin jirgi. Ruwan yana yin santsi kamar mai, sannan ya fara tafiya gefe guda gaba ɗaya.

Washegari, kafin a fara motsa jikin zakara, ta ce tana da magana. Ta faɗe ta a jimla uku.

Mutum goma sha bakwai cikin kayan iyo suka juya suka dubi gadon, kamar zai ba da amsa.

"Ni fa ban ji ba," in ji Doi. "Ruwa ya shiga kunnena tun jiya. Wa ya ji wani abu?"

"Ashe ba zakaran ba ne," in ji Toshie daga ƙarƙashin laima.

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Hamaoka bai dubi matarsa ba. Ya daɗe yana kallon ruwa da hannayensa a ƙugu.

"Mita ɗari," in ji shi.

"Haka ya ce."

"To lokacin kowa na bana ya rushe. Har da nawa." Ya juya ga mutane. "Jarrabawa tana nan a ranarta, a tazararta ta gaskiya. Wanda ya ci ya shiga."

Aka fara kawo shawara. A ce wa Tsuboi ya mayar da gadon: bayansa ba zai bari ba. A ɗaure jarka da dutse a tsohon wurin: ofishin masunta ba ya yarda a saka komai a hanyar jirage sai ranar jarrabawa. A haɗa kuɗi a sayi agogon: Doi ya tambaya hannun wa za a ɗaura wa, tunda mutum goma sha bakwai ne, kuma wa zai iya karanta ƙananan lambobinsa ba tabarau. Maganar ta mutu a nan.

Da ake watsewa Hamaoka ya tsayar da Fusae a gefen matattakala.

"Kuramoto-san, kin san abin da kika yi wa kanki?"

"Na sani. Minti bakwai."

"Mako biyar ya rage. A shekarunmu ba a samo minti bakwai a mako biyar."

"Zan samo su, Shugaba."

"A ina?"

"Ban sani ba tukuna. Amma sai na fara sanin inda zan juya."

Ranar Litinin shago ba ya buɗewa. Ta ɗauki kwalin biskit ɗin shinkafa ta je wurin Tsuboi a bakin tasha, ta tambaye shi yadda yake gane tsohon wurin in zai mayar da gado. Ya ce ta shigo jirgi.

Sun wuce gadon, suka ci gaba a hankali. Ya kashe inji a inda babu komai sai ruwa.

"Dubi hagunki. Farar fitilar da ke ƙarshen katanga. Me ke bayanta?"

"Bututun hayaƙin gidan wanka."

"Kina ganinsa?"

"Rabi. Yanzu ya ɓace."

"To kin iso. In fitila ta haɗiye bututu, nan ne. In bututu ya leƙo ta hagu, ba ki kai ba. In ya leƙo ta dama, kin wuce." Ya ƙwanƙwasa na'urar da ke gaban sitiyari. "Wannan ma haka take cewa, duba. Ni dai na saba da ido, ba ya cin batir."

"Ta hanyar fa? Da gadon nake kallo in nufe shi."

"Abu ɗaya kike kallo?" Ya girgiza kai. "Abu ɗaya sai ya gaya miki inda za ki. Ba zai gaya miki ruwa ya ture ki ba. Sai biyu, ɗaya a bayan ɗaya." Ya nuna gaba. Jar ƙofar wurin bauta ta tsibirin Karasu, da turken wutar lantarki a kan tsaunin da ke can bayanta. "Turke ya zauna a kan ƙofa. In ya sauka, ke ce kika kauce. In za ki dawo, sandar fitilar matattakala a ƙarƙashin tsinin rufin haikali."

Fusae ta maimaita masa su uku, ya gyaɗa kai. Ya buɗe kwalin ya ci biskit biyu kafin ya tayar da inji.

Da rana ta je ofishin masunta, inda babbar taswirar gaɓa ke manne a bango. Ta ɗora zaren ɗinki daga fitila zuwa bututu ta ja shi cikin teku, ta ɗora wani daga turke zuwa ƙofa ta jawo shi gida. Inda suka gitta ta auna da ma'aunin da ke ƙasan taswirar. Rabin kilomita. Malamin nan da igiyarsa bai yi kuskure ba.

Saura abu ɗaya. Tana da tsohuwar waya, a ciki akwai manhajar auna tafiya da ofishin lafiya na gari ya sa tsofaffi suka saka. Ta wanke robar miso, irin daddawar waken soya da ake miya da ita, ta shimfiɗa tawul a ciki, ta saka wayar, ta naɗe murfin da salatif, ta jefa robar cikin jakar raga ta albasa, ta ɗaure jakar a jikin jarkar da babu komai. Igiya daga jarka zuwa ƙugunta.

"Jama'a ku ba da hanya," in ji Doi da ya gan ta tana saukowa. "Abincin rana ya zo."

Ranar farko ta yi iyo yadda ta saba, ba ta kula da turke ba, fitila da bututu kawai ta duba don ta san wurin juyawa. Awa ɗaya da minti bakwai. A saman matattakala ta yanke salatif ta fito da wayar a bushe. Mutane suka kewaye ta suna ɗigar da ruwa.

Layin da wayar ta zana ba miƙaƙƙe ba ne. Yana fita, ya lanƙwasa hagu kamar baka, ya dawo, ya sake lanƙwasawa. Jimla: kilomita biyu da kwata.

"Wannan iyo ne ko dawowa daga mashaya?" in ji Doi. "Fusa-chan, wa kika je gaisarwa a can?"

Hamaoka ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa. "Ƙafarki ta dama ta fi ƙarfi. Ga ruwa kuma yana tura ki gefen da take tura ki."

"Kwata," in ji Fusae. Ta karɓi wayarta. "Ga minti bakwai ɗina nan, Shugaba. Ba sauri nake nema ba. Hanya nake ɓatarwa."

Ba ta ƙara awannin atisaye ba, ba ta canza abinci ba. Kowace safiya tana shiga ruwa ta ɗora turke a kan ƙofa ta riƙe shi a nan. Da farko turken yana zamewa hagu duk bayan 'yan bugu, sai ta gyara, ta wuce gona da iri, ya zame dama. Wuyanta ya yi tsami. Ta gano cewa in ta ɗan karkata kafaɗarta ta fuskanci ruwan da ke turowa, kamar mai tafiya a gicciye, turken yana zama da kansa. Cikin mako biyu bakan da wayar ke zanawa ya zama sanda mai ɗan lanƙwasa. A mako na uku robar ta yi yoyo, wayar ta kwana cikin shinkafa, ta farfaɗo. Fusae ba ta sake fita da ita ba. Ta ce ta ga abin da take so ta gani.

Wasu suka bi ta, wasu ba su bi ba. Mutum biyu suka ce ba sa ganin turken ko da tabarau, sai suka riƙa bin jarkarta, wadda ta ci gaba da ja don haka. Ranar da hazo ya rufe tsaunin, kowa ya koma lanƙwasa, aka fito ana zargin juna. Lokacinta ya sauko zuwa awa ɗaya da minti uku, sannan da minti ɗaya. A nan ya tsaya. Sau huɗu a jere Toshie tana cewa, "Ɗaya ya rage, Fusae-san," cikin murya irin ta mai ba da haƙuri.

"Ranar zan bar jarka a gida," in ji Fusae. "Minti ɗayan yana cikinta."

Ranar jarrabawa gari ya waye tas. Tsuboi ya tsayar da jirginsa inda fitila ta haɗiye bututu, yana zaune a kan matashi biyu saboda bayansa. Toshie ta murɗa agogon girki zuwa sittin, ta ɗaga laima, ta sauke.

Fusae ba ta dubi kowa ba. Ta ɗora turke a kan ƙofa. Masu ƙarfi suka wuce ta tun a farko, kamar kullum. Ta zagaya jirgin, Tsuboi ya ce mata wani abu da ba ta ji ba, ta nemo sandar fitila a ƙarƙashin rufin haikali ta dawo. A matattakala ta taɓa dutse ta juya. Toshie ba ta faɗin lokaci a tsakiya, doka ce.

A zagaye na biyu ruwa ya fara turowa daga dama fiye da yadda ta saba. Ta ga kawunan da ke gabanta suna zamewa hagu gaba ɗaya, har da farin kan Hamaoka, wanda shekara hamsin yake nufar abu ɗaya da ido ya isa. Jiki yana so ya bi mutane. Ta karkata kafaɗa ta bi turke. Na ɗan lokaci ita kaɗai ce a layinta, da tazarar faɗin titi tsakaninta da kowa. Da ta zagaya jirgin karo na biyu, mutum huɗu da suka riga ta suna fama su hauro daga ƙasa.

Dawowar ƙarshe ba ta da labari. Cinyoyinta sun yi nauyi, numfashinta yana nan daidai, sandar tana ƙarƙashin rufi. Ta ji muryar Doi daga matattakala yana ihu, "Miso! Miso! Taho!" Ta miƙa hannu ta taɓa dutsen, mai santsin gansakuka, ta riƙe. Ta ja numfashi uku ko huɗu. Sannan agogon ya yi ƙara a wuyan Toshie.

Toshie ta bar shi ya gama ƙararsa. "Kin shiga," in ji ta.

Hamaoka ya iso bayan minti uku. Ya hau matattakala a hankali, ya karɓi tawul daga hannun matarsa, bai tambayi lokaci ba, don ya ji ƙarar daga cikin ruwa.

"Haba Shugaba," in ji Doi, a karon nan ba wasa. "Minti uku. Kai da ka tsallaka sau nawa? Agogon girki ne fa, ƙwai ma yana yi masa ƙarya."

"Agogona ba ya ƙarya," in ji Toshie.

"Ba ya yi," in ji Hamaoka. "Mutum huɗu ba mu kai ba, ni ne na huɗun. Bana ina jirgin rakiya, ni zan buga wa layi ganga. Dama gangar nan tun da tsoho Ueda ya bari ba a buga ta daidai ba." Ya rataya tawul a wuya ya fara raba sahu a tsaye, yadda ake yi kowace shekara: masu ƙarfi a baya, mafi nawa a gaba, don layi ya tafi da saurin da kowa zai iya. Ya kira sunaye daga baya zuwa gaba. Na Fusae ne ya zo ƙarshe.

"Kuramoto-san. Sahun farko, hannun dama. Duk layin saurinki zai bi, kuma inda kika nufa nan zai nufa. Kar ki kai mana mutane can tsibirin Shikoku."

"Kai dai ka buga gangar daidai, Shugaba."

An tsallaka ranar Lahadin farko ta Agusta. Mutum goma sha uku suka shiga ruwa a Minoura, goma sha uku suka fito a Karasu, kafin ruwa ya juya.